Ciyawar teku za ta rage takin da ya taru a tankin kifina?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Madina, nan Akra. Ina da tankin kifin ruwan gishiri mai cin lita 300, yau wata takwas ke nan da haɗa shi. Akwai ƙananan kifaye shida da murjani mai laushi (halittar teku mai rai da ke zama a kan dutse) guda uku. Ruwan yana sauka cikin wani ƙaramin tanki a ƙasa, famfo ya mayar da shi sama. Duk mako ina canza lita 30, amma naitiret ya tsaya a kan 50 ya ƙi sauka, fosfet kuma 0.5. Koriyar gansakuka mai gashi-gashi ta rufe duwatsu, murjanin ya daina buɗewa sosai. Gishirin haɗa ruwa yana da tsada, ba zan iya ƙara yawan canjin ba. Na ji ana cewa ciyawar teku tana shanye wannan dattin. Gaskiya ne? In gaskiya ne, zan iya zuwa bakin teku a Teshie in tsinko in saka?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira. Ka kyauta da ka kawo alƙaluma, domin da su ne za a ba ka amsar da ta wuce "gwada ka gani". Tambayarka biyu ce a haɗe: ko ciyawar teku za ta yi maka aikin da canjin ruwa ya kasa, da kuma ko wadda ke kan duwatsun gaɓarmu ta dace da aikin.

Ta farkon, e, tana yi. A tankunan da nake kula da su a gidaje da ofisoshi nan Akra, ita ce hanyar da na fi dogara da ita, domin da zarar ta kama ba ta cin kuɗi kamar gishiri. Sai dai akwai sharaɗin da mutane da yawa ba sa riƙewa. Ciyawa tana zuƙe naitiret da fosfet ne, wato takin da ke taruwa a ruwan, ta gina jikinta da su. Muddin tana cikin ruwan, takin yana nan cikin tankinka, wurin zama kawai ya sauya, kuma ranar da ta ruɓe duk zai dawo. Abin da ka yanka ka fitar da hannunka shi kaɗai ne ya fita. Duk sauran bayanin da zan yi maka a kan wannan ya ginu.

Daga ina takin yake zuwa

Kusan duk abin da ke damunka ta bakin kifi ya shigo. Busasshen abincin kifi yawanci kusan kashi 45 cikin ɗari furotin ne, shi kuma furotin kimanin kashi 16 cikin ɗarinsa naitirojin ne. Kifi yana riƙe kaɗan ya gina jiki, mafi yawa ya fitar da shi a matsayin amoniya ta wurin da yake shaƙar iska a gefen kansa, saura kuma ta kashi. Amoniya guba ce. Bakteriyan da ke zaune a kan duwatsu da yashi da soson matata suna juya ta zuwa naitirayit, wasu kuma su juya naitirayit zuwa naitiret. A nan aikin yake tsayawa. Ɗan kaɗan yana fita a matsayin iska daga can cikin ramukan dutse inda oksijin ba ya kaiwa, amma a tanki mai kifi shida wannan ba ya isa. Shi fosfet ko wannan ƙofar ma ba shi da ita. Ya shigo ta abinci, ya zauna.

Naitiret da fosfet su ne N da P ɗin da ke rubuce a buhun takin NPK na manoma. Ruwa mai taki, ga haske, ga ɗumi, dole wani tsiro ya fito. Gansakukar da ta rufe duwatsunka aikin da kake nema wa ciyawar teku take yi tun yanzu, a wurin da ba ka so. Wannan yana nufin takin da ke shiga tankinka ya fi abin da kayan gwaji ke nuna maka, tunda ita ma tana riƙe da wani kaso a jikinta.

Lissafin da ya kamata ka yi kafin ka sayi komai

A ce kana zuba giram 1 na busasshen abinci kowace rana. Naitirojin ɗin da ke ciki kusan miligiram 70 ne, a ce 50 ne ya ƙare cikin ruwa. In ya zama naitiret nauyinsa yana ninkuwa sau 4.4, wato kimanin miligiram 220. Raba wannan a lita 300, ka sami kusan miligiram 0.7 a kowace lita a rana, wato wajen 5 a mako, a ma'aunin da kayan gwajinka ke nunawa.

Yanzu dubi canjin ruwanka. Lita 30 cikin 300 kashi 10 ne cikin ɗari. In naitiret yana 50, canjin zai cire 5 ya bar 45, abincin mako ya mayar da 5 ɗin. Ka ga dalilin da ya sa ya tsaya cak a kan 50. Canjin yana aiki, ya dai kai wurin da abin da yake cirewa ya yi daidai da abin da kake zubawa. Ko shekara goma za ka yi a haka, a nan zai zauna.

Ita kuma ciyawa, in ka matse ruwanta ka auna giram 100, in ta bushe za ta koma giram 10 zuwa 15. Naitirojin a busasshiyar ciyawa mai ƙoshi yana kai kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. In ka ɗauki tsakiya ka juya shi zuwa naitiret, za ka sami wajen giram ɗaya da rabi, wanda a lita 300 shi ne 5 a kowace lita. Ke nan giram 100 na ɗanyar ciyawa a mako yana biyan bashin giram 1 na abinci a rana. Waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne, suna hawa suna sauka gwargwadon irin ciyawar da irin abincin, amma sun isa su nuna maka girman aikin. Wanda ya saka ɗan tsinke a kusurwa da ƙaramar fitila yana jiran naitiret ya faɗi, wannan lissafin ne bai yi ba.

Saboda haka ka nemi ƙaramin sikeli, irin na masu sayar da zinariya ko na kicin mai nuna giram. Auna robar abincin kifinka yau, ka sake aunawa bayan kwana bakwai. Sau da yawa mai tanki yana mamakin abin da ya gani, musamman a gidan da akwai yara, kowa ya wuce sai ya barbaɗa. In ya zama kana zuba giram 2 a rana, rage shi zuwa 1 zai yi maka rabin aikin ba tare da ka sayi ko fitila ba.

In ciyawar ta kama tana cire abin da abinci ke kawowa, canjin lita 30 ɗinka zai fara cin tsohon bashi, kashi 10 cikin ɗari kowane mako: daga 50 zuwa 45, zuwa 40, zuwa 36. Kafin ka kai wajen 10 za a yi wata uku zuwa huɗu. In aljihu zai ɗauka, ka yi babban canji sau biyu a farko, lita 90 kowanne da tazarar mako ɗaya, ka sauko wajen 25 zuwa 30 ka taƙaita jiran.

Wace ciyawa

Wadda masu tanki suka fi yarda da ita a ko'ina ita ce Chaetomorpha, koriya mai zare-zare masu tauri da ke cuɗewa su zama dunƙule, kamar soson ƙarfe na wanke tukunya. Ba ta da saiwa, ba ta maƙalewa a dutse, ba ta narkewa dare ɗaya, kuma yankanta ba wahala: ka ɗago, ka yage, ka mayar da saura. Ita zan ba ka shawara ka fara da ita. Hanya mafi sauƙi ta samunta ita ce wurin wani mai tankin da tasa ta kama, tunda shi ma zubarwa yake yi duk mako.

Ulva, mai faffaɗan ganye kore siriri, ta fi ta saurin girma da saurin shan taki, musamman amoniya kai tsaye tun kafin bakteriya su taɓa ta. Da ita ake aiki a manyan wurare. Gonakin kiwon dodon-koɗin teku da ake kira abalon a Afirka ta Kudu suna bi da ruwan da ya fito daga tankunansu ta kududdufan Ulva, su mayar da wani kaso na ruwan, su kuma ciyar da dabbobin da ciyawar. A ƙaramin tanki matsalarta biyu ce. Ganyenta yana yagewa ya toshe bakin famfo, sannan lokaci-lokaci takan saki ƙwayoyin iri, ruwa ya yi kore-kore, gefen ganyen ya koma fari ya mutu, irin kuma ya je ya tsiro a tankin sama.

Gracilaria ja ce, kifaye masu cin ganye suna sonta, amma girmanta a hankali ne, tana kuma son ruwa ya riƙa juya ta. In ka ciyar da kifinka da ita, ka tuna takin ya koma ciki, sai dai in ka rage abincin leda daidai gwargwado.

Caulerpa kuwa, mai yaɗo da ganye kamar gashin tsuntsu ko ƴan ƙwallaye, ba na saka wa kowa ita. Tana girma da sauri, gaskiya ne. Amma jikinta duka ƙwayar halitta ɗaya ce babba, in ta tashi sakin iri sai ta juye abin da ke cikinta gaba ɗaya cikin ruwa a ƴan sa'o'i, ta koma fara fat. Takin wata da watanni ya dawo lokaci guda, oksijin ya faɗi. A garin da wuta kan ɗauke ba sanarwa, wannan kasada ce da ba ta da amfani.

Batun Teshie

Gaɓar Gana tana da ciyawa, kuma a duwatsun Teshie, Tema, Prampram da Old Ningo za ka ga Ulva, ka ga jajaye irin su Hypnea da Gracilaria, ka ga masu ruwan ƙasa irin su Padina da Sargassum. Za ka ma ga wata Chaetomorpha a tsaye tuntu-tuntu a kan dutsen da igiyar ruwa ke duka. Wannan ba ita ce ta tanki ba. Ta saba da maƙalewa da dukan ruwa, in ka cire ta ka jefa cikin tankin ƙasa yawanci lalacewa take.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan da ciyawar ta tashi a ciki. Ulva tana yin kauri ne inda taki ya yi yawa, don haka wurin da ka ga ta yi kore shar ta rufe duwatsu sau da yawa kusa yake da bakin wata magudana. Ciyawar teku kuma tana tara ƙarafa masu guba a jikinta. Ka nisanci duk abin da ke kusa da bakin tafkunan Korle, da Kpeshie tsakanin La da Teshie, da Chemu a Tema. In ka nace sai ta teku, ka wuce gabas can wajen Prampram da Old Ningo, ka zaɓi dutsen da ke nesa da gidaje da wurin da jiragen kamun kifi ke sauka. Kada ka je bayan babban ruwan sama, musamman a watan Yuni, lokacin da kwatocin gari ke juye kayansu cikin teku. Teku ya fi ja baya a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen sha huɗu ga wata, a lokacin ne duwatsun ke fitowa sosai. Duwatsun suna da santsi, igiyar ruwan gaɓarmu kuma ba ta da wasa, kada ka je kai kaɗai, kada ka juya wa teku baya. Ka gai da masuntan wurin ka faɗa musu abin da ya kawo ka, ka kuma tuna Talata ranar hutun teku ce a wurinsu.

Sargassum ɗin da teku ke turowa tuli-tuli, wanda tun 2011 yake addabar masunta a yammacin ƙasar wajen Axim da Half Assini, kada ka kusance shi da tankinka. Kafin ya iso gaɓa ya riga ya fara mutuwa, an kuma san shi da tara sinadarin asenik mai guba.

Duk abin da ka tsinko ba ya shiga tankinka ranar. Ka wanke shi da ruwan gishiri mai tsabta, ka duba ganye-ganye ka cire ƙananan ƙaguwa da tsutsotsi da duk wani baƙon tsiro, ka zuba a bokiti da fitila da injin kumfar iska, ba kifi a ciki. Cutar farin ɗigo ta kifin teku tana da matakin da take maƙalewa a jikin abu tana jiran kifi, in ba ta samu ba ta mutu. Mako shida shi ne mafi ƙarancin killacewar da zan yarda da shi, masu taka-tsantsan suna kaiwa goma. Ka riƙa zuba wa bokitin ruwan da ka cire daga tankinka ranar canji, shi ne abincinta. Wadda ta rayu ta ƙara girma a wannan bokitin ta nuna za ta iya zaman gida. Wannan killacewar ta shafi har wadda ka karɓo daga tankin wani.

Yadda za ka haɗa wurin

Tunda kana da tankin ƙasa, rabin aiki ya ƙare. Ka ware mata ɗaki a ciki, tsakanin inda ruwa ke saukowa da inda famfo ke ɗauka, da raga ta roba a gefen famfon. Ɗakin ya ci aƙalla lita 30, in ya fi haka ya fi. Faɗin sama ya fi zurfi muhimmanci, domin haske ba ya ratsa dunƙule mai kauri. Kada ka zuba yashi a ƙasan ɗakin, ka bar shi fili yadda za ka iya zuƙe dattin da ya kwanta.

Haske shi ne wurin da mutane suka fi yin rowa, kuma shi ne injin aikin. Ciyawarka gasa take yi da gansakukar sama, wadda ke zaune ƙarƙashin babbar fitilar murjani. In fitilar ƙasa ta fi rauni, ta sama ce za ta ci takin. Fitilar LED mai wat 20 zuwa 30, fara mai hasken rana ko irin ta masu renon tsirrai mai ja da shuɗi, ta isa ɗaki irin naka. Ka rataye ta inda feshin gishiri ba zai kai ga waya ba. Ka fara da awa 8, ka riƙa ƙarawa cikin mako biyu har 12 zuwa 14. Dunƙulen da aka ɗauko daga haske mai rauni aka ɗora masa mai ƙarfi farat ɗaya, samansa fari yake yi.

Ka kunna ta da dare, lokacin da ta sama ta mutu. Da rana murjani da gansakuka suna shan iskar kabon su ba da oksijin. Da dare kowa shaƙa yake yi, iskar kabon ta taru, ma'aunin pH ya sauka (wato ruwan ya ƙara tsami), oksijin ya ragu, mafi muni gab da asuba. In ciyawar ƙasa tana aiki a waɗannan sa'o'in, tana cike giɓin. Ƙaramin agogon kunna wuta da kashewa zai ɗauke maka wannan.

Ruwa ya riƙa ratsa dunƙulen, kada ya bi ta gefe ya wuce. Duk kwana biyu ko uku ka juya shi, na ƙasa ya ga haske. A wata na farko kada ka yanka, ka bar shi ya cika ɗakin. Bayan nan duk mako ka cire kashi ɗaya cikin uku, ka matse, ka auna, ka rubuta a littafi tare da naitiret da fosfet na ranar. Wannan littafin ne zai gaya maka gaskiya. Dunƙulen da aka bari ya cunkushe yana daina girma, cikinsa ya mutu ya riƙa sakin taki a ɓoye, mai shi yana ganin kore a sama yana zaton lafiya.

A daidai wannan lokacin ka riƙa tsige gansakukar sama da hannu ranar canjin ruwa, ka zuƙe ta da tiyo, ka rage awannin fitilar sama zuwa 7 ko 8. Duk abin da ka tsige shi ma taki ne ya fita. Wannan tunanin ne ma Walter Adey na cibiyar Smithsonian a Amurka ya gina na'ura a kansa tun wajen ƙarshen shekarun 1970: raga mai kaushi, ruwa yana bi ta kanta, fitila mai ƙarfi, gansakuka ta tsiro a kai a kankare ta a zubar. In ciyawa ta gagara samuwa, wannan na'urar ana haɗa ta a gida da ragar roba da bututu, ba ta bukatar iri, da kanta take tsirowa.

Zafi da ɗaukewar wuta

Shawarwarin da ake rubutawa a ƙasashen sanyi ba sa lissafa waɗannan biyun, mu kuwa su ne ke kashe mana tanki. Tankin murjani yana son digiri 24 zuwa 27. A Akra daga Fabrairu zuwa Afrilu, ɗakin da ba na'urar sanyaya iska yana iya kai ruwa 30, ga fitilar da ka ƙara a cikin rufaffen akwati. Ruwa mai zafi yana riƙe oksijin kaɗan, ciyawa kuma takan yi laushi ta fara tsinkewa. Ka buɗe bayan akwatin, ka sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan tankin ƙasa, za ta sauke maka digiri 1 zuwa 2. Illarta ita ce ruwa zai riƙa ƙafewa da sauri, da hunturu ma abin ya fi. Ciko da ruwan da ba gishiri ake yi, kuma ya zama wanda ya bi ta na'urar RO, mai tace ruwa ta cire sinadaran da ke cikinsa. Ruwan famfo, na rijiyar burtsatse, da na leda, ka gwada kowanne da kayan gwajinka kafin ka yarda da shi. In akwai naitiret ko fosfet a ruwan cikonka, kullum kana zuba taki ta ƙofar baya, ruwan ya ƙafe ya bar shi.

In wuta ta ɗauke, famfo ya tsaya, tankin ƙasa ya rabu da na sama. Ciyawa a duhu oksijin take sha kamar kowace halitta. Babban dunƙule a cikin lita 30 na ruwa mai ɗumi marar motsi zai iya shanye iskar wurin cikin ƴan sa'o'i, ƙananan halittun da ke cikinsa su mutu, wuta ta dawo famfo ya tura wannan ruwan kan kifinka. Injin kumfar iska mai batir guda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya fi maka duk wani magani na kwalba. In dumsor, wato ɗaukewar wuta, ya yi tsawo ya wuce rabin yini, ka ɗago dunƙulen ka sa a faffaɗan roba da ruwan tanki kusa da taga. Kafin famfo ya tashi ka sunsuna ruwan ƙasa. In ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, zubar da shi za ka yi.

Inda ciyawa take gazawa

Fosfet ɗinka zai fi naitiret taurin kai, kuma akwai dalili. Wani nazari da Atkinson da Smith suka wallafa a 1983 ya nuna tsirran ƙasan teku, a tsaka-tsaki, suna ɗauke da ƙwayar naitirojin 30 ga kowace ƙwayar fosforas 1, wanda a nauyi ya kama wajen 13 ga 1. Abincin kifi kuwa yana kawo su wajen 5 zuwa 7 ga 1. Ke nan ciyawar da ta cinye naitirojin ɗin abincinka duka, kusan rabin fosforas ɗin kawai ta ɗauka. Ƙari a kan haka, duwatsu da yashin tankinka na alli ne, sun yi wata takwas suna shan fosfet, kuma da ka rage na cikin ruwa za su fara sako nasu. Don haka kada ka yi mamaki in naitiret ya sauko 5 fosfet yana nan a 0.3. A nan ne ake ƙara garin tsatsar ƙarfe da ake sayarwa da sunan GFO, kaɗan-kaɗan a cikin jakar raga, domin faɗuwar fosfet da sauri tana gigita murjani. In kana ba da daskararren abinci, ka narkar ka tsiyaye ruwansa kafin ka zuba.

Kada kuma ka bi sifili. Murjaninka yana da ƙananan ƙwayoyin tsiro a cikin namansa da suke ciyar da shi, su ma taki suke so. Ga murjani mai laushi, naitiret 5 zuwa 15 da fosfet 0.05 zuwa 0.1 wuri ne mai kyau. In ɗayansu ya ƙare ƙaf, ciyawar za ta tsaya ta yi fari, wani yauƙi mai ruwan ƙasa da ƴan kumfa da ake kira dino ya samu fili, kuma ya fi gansakuka wuyar kora nesa ba kusa ba. Da ka ga alƙaluma sun kusa ƙasa, rage awannin fitilar ciyawa.

In taki yana nan, haske yana nan, amma ciyawar ta yi fari-fari ta ƙi girma, yawanci sinadarin ƙarfe ne ya ƙare. Canjin ruwa yana mayar da shi, akwai kuma na kwalba da ake ɗigawa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ba zan ce ka daina canji ba. In abubuwa sun daidaita kana iya mayar da lita 30 ɗin duk mako biyu, gishirinka ya ninka kwana. Ciyawa kuma tana sakin wasu sinadarai da ke sa ruwa ya yi rawaya-rawaya, ɗan gawayin tace ruwa da ake sauyawa duk wata yana share wannan. In kana da na'urar kumfa mai fitar da datti, bar ta tana aiki, ita tana kama dattin ne tun kafin ya zama naitiret. Maganin kifi mai jan ƙarfe kuwa kada ya shiga wannan tankin ko kusa, zai kashe ciyawa da murjani tare.

Ban ga tankinka da idona ba, don haka kafin ka ɗora komai a kan 50 da 0.5 ɗin nan, ka duba ranar lalacewar kayan gwajinka, ka kuma gwada sabon ruwan da ka haɗa. Magungunan gwaji suna lalacewa da wuri a zafinmu. Ka duba soson matata ma. In yana yin mako biyu ba a wanke ba, shi kansa masana'antar naitiret ne.

Saura abin da za ka yi da wadda ka yanka. Kada ta shiga kwata ko masai, haka ruwan da ka matse daga jikinta. A 1984 aka ga wani ɗan fili na Caulerpa taxifolia, irin da ake renonsa a tankuna, a cikin teku ƙarƙashin gidan adana halittun ruwa na Monako. Zuwa shekarar 2000 ya mamaye dubban hekta a gaɓar Faransa, Italiya, Sifaniya, Kuroshiya da Tunisiya, yana danne ciyawar asali. Da ya ɓulla a Kalifoniya a 2000, sai da aka kashe miliyoyin daloli da shekara shida kafin a ce an gama da shi. Ciyawar da ke yawo tsakanin masu tanki sau da yawa daga wani tekun aka kawo asalinta, kwatocin Akra kuma ƙarshensu teku ne, mafi yawa ta kogin Odaw zuwa tafkin Korle. Ka sa ta a leda a firiza kwana ɗaya, ko ka shanya ta a kan kwano har ta bushe ƙayau, sannan ta tafi shara. In kana da shuka a gida, ka ɗauraye gishirin da ruwan daɗi, ka busar, ka binne ta a gindin shukar.